Madabod Da Guntun Falanki

Auta ta ɗora guntun falankin a kan madabod na uku, shi ma ya leƙo ta gefe da kusan faɗin yatsa biyu.

"Malama," in ji mai shagon, "tun da na buɗe wurin nan ban taɓa ganin wanda ya zo sayen kayan kwamfuta da katako ba."

"To yau ka gani. Ɗauko wani."

Ma'aikaciyar jinya ce, kuma in ta sauka daga aiki ba abin da ke wanke mata kai kamar wasan tseren mota a kwamfuta. Ta daɗe tana tara sassan kwamfutarta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne madabod, allon da sauran kayan duka ke hawa kansa, sai kuma akwatin da za a zuba su. Akwatin nan ne ya jawo magana. Babanta kafinta ne, amma tun da hannunsa ya fara rawa masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, ya koma zaman ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya. Da ya ji za ta sayi akwatin ƙarfe, sai ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Ina raye za ki sayi gwangwani?"

Ya fito da katakon da ya daɗe yana ɓoyo, ya yi ta fama. A kwanakin nan ne ta sake jin yana fito, yana cinye abincinsa, yana faɗa da maƙwabta. Da ya gama, ya yanka mata falankin ya ce, "Girman cikinsa ke nan. Duk abin da ya wuce wannan, ba namu ba ne."

Mai shagon ya tura mata babban madabod ɗin da ya leƙo. "Ki ji ta masu sana'a. Wannan ya dace da furosesarki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ramin ram huɗu gare shi na ƙara mata sauri, gaba in kin samu hali ki ƙara. Kuma an karya kuɗinsa, don kwalinsa ne ya jiƙe."

"Ƙaramin can fa?"

"Rami biyu. Ya fi tsada, ya fi saurin ɗaukar zafi. Ban san me ya fi wannan da shi ba, sai dai ƙanƙanta."

Ta ɗora falankin a kan ƙaramin, ya rufe shi ruf. Ta dubi babban, ranta na sonsa ƙwarai. Amma ta san in ta kai shi gida bai shiga ba, Baba ba zai ce komai ba, zai dai koma kan bencinsa, kuma ƙila ba zai sake tashi ba. Wannan take tsoro.

"Naɗe min ƙaramin."

"In an buɗe leda ba a dawowa da shi."

"Na ji."

"Allah ya ba katako lafiya," in ji shi, yana naɗewa.

Da ta koma gida ta tarar Baba ya sa riga mai guga, ya ɗora akwatin a tsakiyar tebur. Gaskiya ya yi kyau. Ya sha samfefa har yana sheƙi, ga ƙananan ramukan shan iska a jere, ga 'yar ƙofa mai sakata kamar za a ajiye gwal.

"Bismilla," in ji shi.

Ta farke ledar, ta saka madabod ɗin. Ya cije a baki. Ta juya shi, ta karkata shi, ta ɗan danna, har ta ji tsoron kada ya tsage. Abin da ya hana shi shiga bai wuce kaurin katakon ba, dama da hagu.

"Mai shagon nan ne," ta yi sauri ta ce. "Da ma ban yarda da idonsa ba. Wani ya musanya min wajen naɗewa."

Baba ya matso. Ya ɗauki falankin, ya kai bakin akwatin, ya ƙi shiga. Ya kwantar da shi a saman murfi, ya shafa gefunan da ɗan yatsa. Ya zauna daram, ko gashi bai leƙo ba. Ashe wajen akwatin Baba ya auna, ba cikinsa ba.

Auta ta shiga karanta rubutun jikin kwali kamar akwai labari a ciki.

"Akwai wanda ya fi wannan a shagon?"

"Akwai."

"Ya fi ƙarfin aljihunki?"

"Ya fi araha."

"Uhm."

Ta zuba ido ta ga ko zai nufi ƙofa. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro tef ɗin awo, ya ja shi a cikin akwatin daga bango zuwa bango, ya danne wurin da farce. Ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya sake kawowa. Sannan ya miƙa mata, farcen na nan inda yake.

"Jawo kujera, Auta. Gefe ɗaya za mu ɓalle. Faɗa min abin da aka rubuta a nan, na kwana biyu ina canka."