Hoton Agusta da Hoton Maris

Takarda ɗaya ta rage wa Karima ta samu ƙarin girma a kwalejin da take koyarwa a Ƙaura Namoda, kuma ƙarshen wata za a rufe karɓa. Binciken yana hannu. Shekara biyu ta yi tana bin hotunan tauraron ɗan'adam, tana auna yadda gonaki suka cinye burtalin shanu tsakanin Galadi da Jangeru. Inda za ta buga shi ne ya rage.

Malam Maiwada, shugaban sashensu, ya rubuta mata sunan wata mujalla a bayan ambulan.

"Kwana huɗu sun karɓa, ɗiyata. Duk can muke bugawa."

"Kwana huɗu, Malam? To yaushe suka karanta?"

"Ke dai tsiyarki tambaya. Ina ruwanki da karatunsu?"

Ta buɗe shafin mujallar. Ga sunayen editoci reras, ba a faɗi jami'ar ko ɗaya ba. Ta nemi sunan mujallar a manyan kundayen da ke jera mujallun da aka tantance, babu. Sai ta zauna ta karanta abin da suke bugawa. Nan ta ci karo da wani bincike kan dajin Zurmi, wai hamada ta cinye rabinsa cikin shekara biyar. Ta duba kwanakin hotuna biyun da aka gwada. Na farko Agusta, na biyu Maris.

Ta koma ofishinsa.

"Malam, a Agusta ko katangar gidanmu sai ta yi ciyawa. Waɗannan ba hamada suka auna ba, rani suka auna! Kuma ba a samu mutum ɗaya da ya tsayar da su ba."

"To ai editocin ba manoma ba ne."

"Ranar da manomi da makiyayi suka tsaya gaban hakimi kan burtali, wa zai yarda da taswirata in an gan ta kusa da wannan?"

Malam ya ɗaga kafaɗa. Ita kuwa ta aika wa wata mujalla da ta san ayyukan editocinta, ta taɓa kafa hujja da su. Wata ya ƙare, jerin sunayen waɗanda aka ƙara wa girma ya fito babu nata.

Bayan wata huɗu amsa ta zo, shafi uku, duk tambayoyi. Wani mai tantancewa yana son sanin yadda ta bambanta saurar gona da burtali, tunda daga sama kamarsu ɗaya.

Ta yi dariya ita kaɗai. An karanta ke nan.

Ta kira Muttaka ɗan kabu-kabu, ta ce ya shirya, ranar Asabar za su Galadi wajen arɗo, don ya nuna mata iyakokin burtalin da ƙafa.