Falmaran ɗin Korar Birai

Idan zafi ya sauka a Makka, duk mai hali dutse yake hayewa. Daga Rusaifa, daga Aziziyya, motoci su bi hanyar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke hawa zuwa Ɗa'ifa, suna neman inda iska take da ɗan sanyi. A can sama, nesa da kowane gida, wani dattijo mai suna Talal yake da istiraha, wato gidan hutawa. Ɗakuna huɗu ne da rumfuna shida da tankin ruwa, sai katangar duwatsu wadda ba ta hana kowa shiga in dai yana da wutsiya. Kakan Talal da ƙafa ya zo daga Katsina, amma Hausar jikan Larabci ya cinye rabinta.

A nan Malam Ubaidullah ya sami aikin hutun ƙarshen shekara. Mutumin Gwaram ne, shekara arba'in da ɗaya, yana gab da kammala digirinsa na uku a ilimin hadisi. Matarsa Rabi'a da 'ya'ya huɗu suna can ƙasa a Makka, cikin ɗaki biyu a unguwar Mansur. Aikin nasa korar birai ne.

Kuma aiki ne na gaske. Da zarar baƙi sun buɗe faranti, birai kan sauko daga tsauni, wani lokaci talatin a tare. Talal ya ba shi sanda, da gwangwani cike da tsakuwa, da falmaran mai ruwan lemo. Falmaran ɗin shi ne sirrin. Muddin birai suna hango shi a kan katanga ba sa matsowa, in ya ɓace musu kuwa, kafin a ƙare alwala sun shigo. Cikin wata biyu Ubaidullah ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya san wadda take fara leƙowa, ya san mai tsalle ta bayan tanki. Babbansu, wani ƙaton gwaggon biri mai tsagaggen kunne wanda ba ya taɓa shinkafa in akwai nama, ya raɗa masa suna Sarkin Fawa.

Ana cewa ilimi yana sauke wa mutum girman kai. Masu faɗin haka ba su zauna da malamai da yawa ba. Ubaidullah ya gaya wa Rabi'a tarbar baƙi yake yi. Mutanen gida kuwa, duk Juma'a yakan tuɓe falmaran, ya sa farar riga da hula, ya jingina waya a jikin dutse ya ɗauki karatun minti goma ya tura musu. Sun san Malam ya hau dutse ne don ya keɓe ya rubuta littafinsa. Abin da ba ya so a ji a Gwaram, inda ake yi masa shimfiɗa daban a masallaci, shi ne cewa da biri yake wuni.

Ranar wata Talata, bayan azahar, Talal ya sauka Makka sayen iskar gas. Ubaidullah yana kan katanga sai ya hango mota tana hawowa. Ta tsaya, mutum biyu suka fito. Na farko Jibril ne, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu yake da shagon magani a Gwaram. Na biyu, mai dogara sanda, mahaifin Jibril ne, Baba Tsoho, manomi kuma ladanin masallacinsu shekara talatin.

Bai tsaya tunani ba. Ya diro ta bayan katanga, ya cusa falmaran da gwangwani a ƙarƙashin tanki, ya shiga ɗakinsa ya fito da farar riga da hula da littafi a hannu.

"Allah ya gafarta Malam!" Jibril ya durƙusa. "Umra muka zo. Mun je Mansur, mai ɗakinka ta kwatanta mana hanya. Ashe nan ne wurin da muke gani a waya!"

"Nan ne," in ji Ubaidullah. Ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu. "Baba, sannu da hanya. Da wannan gwiwar taka ka hawo har nan?"

"Mota ce ta hawo, ni zama na yi," in ji Baba Tsoho. Ya ƙare masa kallo, daga hula har takalmi. Sannan ya ɗaga wani ƙulli a cikin farin ƙyalle. "Dakuwa ce, daga mahaifiyarka. Ta ce hannu da hannu. Amma mu ci abinci tukuna."

Sun taho da babban farantin shinkafa da naman rago daga Makka. Suka zauna a rumfa ta uku, wadda Ubaidullah ya san ita ce mafi kusa da tanki. Ya so ya ce a koma ciki, amma ɗakinsa akwai sanda da takalman aiki, sauran kuma a kulle suke. Jibril ya buɗe faranti, tururi ya tashi, iska ta kwashe shi ta yi tsauni da shi.

"Direba ya ce akwai birai a nan," in ji Jibril, "wai har an ajiye mai korar su. Ina yake?"

"Wataƙila ya sauka gari," in ji Ubaidullah.

Jibril ya jingina wayarsa a jikin tulun shayi, ya danna ɗauka. "Malam, albarkacin wannan zama, a yi wa mutanen gida tsaraba. Mu da muka baro Makka zuwa nan, za mu yi ƙasaru ko za mu cika salla?"

Ubaidullah ya gyara zama ya fara. Wannan fage nasa ne, bakinsa ya san hanya ko da zuciyarsa ba ta nan. Ya kawo nisan da malamai suka ƙayyade, ya kawo saɓaninsu. Da gefen ido kuwa yana lissafi. Mai leƙen nan ta hau katanga. Biyu sun biyo ta. Shida. Ya san in ya miƙe yanzu ya buga tafi sau biyu, ya yi musu ihun da suka sani, za su koma. Amma waya tana kallonsa, Gwaram gaba ɗaya tana cikin wannan ɗan gilashin. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa wannan gaɓar. Da ya ƙarasa ta sai ya shiga wata.

Sarkin Fawa ta bayan tanki ya biyo. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗo tsakiyar rumfa, ya fizgi cinyar rago, faranti ya kife. Jibril ya yi baya da sauri har ya ture butar ruwa. Birin bai tafi ba. Ya hango farin ƙulli a cinyar dattijo, ya kai hannu. Baba Tsoho ya rungume ƙullin.

"Saƙo ne, ɗan banza! Saki!"

Birin ya ja, tsoho ya ja. Sai birin ya sunkuya ya kafa masa haƙora a bayan hannu.

Muryar da ta fito daga bakin Ubaidullah ba ta karatu ba ce. Wata tsawa ce mai kaushi daga can cikin ciki, wadda ya yi wata biyu yana gogewa a kan katanga. "Barra! Fita! Sarkin Fawa, barra! Ka ci gidanku!" Ya tattare riga, ya zura hannu ƙarƙashin tanki ba tare da ya duba ba, ya zaro gwangwani ya girgiza. Ƙaton ya saki hannun, ya yagi rabin ƙullin ya haura katanga, sauran suka rufa masa baya. Kafin a ce me, babu biri ko ɗaya.

Ya juyo da gwangwani a hannu, falmaran mai ruwan lemo ya biyo shi ya faɗi a fili. Jibril ya dubi falmaran, ya dubi malaminsa, ya mai da kai ƙasa kamar shi aka kama.

Ubaidullah ya ɗebo ruwa da sabulu ya durƙusa gaban dattijon. Ramuka biyu ne masu zurfi, jini yana bin yatsu yana ɗiga a kan shinkafa. Ya yi ta wankewa bai ɗago ba.

"Dole a yi maka allura yau, Baba," ya ce wa hannun.

"Za a yi." Baba Tsoho ya ja numfashi ta haƙora. "Ubaidu, tun ɗazu nake jira ka sa rigar aikinka."

Hannun Ubaidullah ya tsaya.

"Rabi'a ta gaya mini, lokacin da Jibril ya fita kiran mota. Ta ce duk sati tana tsintar tsakuwa a aljihunka, da ta gaji ta tambayi matar mai wurin. Ta ce kada in nuna maka." Ya ɗan yi dariya, ciwo ya katse ta. "Ni ko abin da ya hawo da ni ke nan. Shekara uku birai suna cinye mini masara a gonar bayan dutse. Na sa kare, na sa mutum-mutumi, duk a banza. Na ce ga ɗanmu ya yi karatun abin a Makka, bari in je in sha a bakinsa. Ƙasaru kuwa, Malam, tun ba a haife ka ba nake yin ta."

Ubaidullah ya naɗe hannun da ragowar farin ƙyallen mahaifiyarsa. Da akwai abin da ya kamata ya ce, amma duk kalmomin da yake da su na kan mumbari ne.

Jibril ya ɗauki wayarsa daga ƙasa. Har yanzu tana ɗauka. Ya tsayar da ita, ya yi gyaran murya.

"Malam, komai ya shiga. In goge?"

A labaran da ake ba yara, a nan ne mutum yake cewa a tura wa kowa ya gani. Ubaidullah ya tuna shimfiɗar nan ta masallaci. Ya tuna yaran da suke tashi tsaye in ya wuce.

"Goge," in ji shi, a hankali.

Jibril ya goge, har ya juya masa fuskar wayar ya gani.

Direba ya matso da mota. Ubaidullah ya so ya bi su asibiti, amma akwai iyalin da suka kama rumfa biyu bayan la'asar, kuma Talal bai dawo ba. Ya taimaka wa dattijon ya shiga, ya ɗora masa hannun a kan cinya.

"Kada ka damu," in ji Baba Tsoho ta taga. "In sun tambaya a gida, zan ce ƙofar mota ce ta datse ni."

"Baba, kada ka yi ƙarya saboda ni."

"To me zan ce? Biri ya cije ni a gaban Malam yana karatu? Sai su ce ina mai gadin." Ya gyaɗa kai. "Bar ni da ƙofar mota. Batun masarar dai, in ka sami sarari, ka yi mini bayani ta waya. Ni kaɗai, ba sai a zauren jama'a ba."

Motar ta bi gangara. Ubaidullah ya tsaya har ta ɓace a lanƙwasa ta biyu. Ya koma rumfa ya kwashe shinkafar da ta zube, ya watsa ruwa a kan jinin. Dakuwa huɗu suka rage a ƙasa, sun kwashi yashi. Ya tsince su ya zuba a aljihu, bai iya kai ko ɗaya baki ba.

Da Talal ya iso da tulun gas, ya tarar da shi a kan katanga, falmaran a bisa farar riga.

"Ya shaikh, yau da tufafin Juma'a ake aiki? Khair, lafiya? Birai sun shigo?"

"Sun shigo, Baffa Talal."

"Kaif, ta yaya? Kana ina?"

Ubaidullah ya dubi tsauni. Can a kan wani falalen dutse Sarkin Fawa yana zaune, yana lasar ɗan guntun farin ƙyalle.

"Ina nan," in ji shi. "A zaune nake ina kallo."