Jiƙa ta Biyar a Ƙarƙashin Motar Pan-su

Shekara ashirin da shida Gye-sun ta yi tana liƙin tankin mota a Mokpo ta ƙasar Koriya, amma ranar da ƙaninta Pan-su ya sayo a-kori-kura ta hannu don jigilar kabeji, faranti aka ba ta ta riƙe, aka ce ta tsaya baya da sauran mata.

Kamar yadda ake yi wa kowace mota kafin ta hau hanya, an shimfiɗa tabarma a gabanta, ga busasshen kifi, ga wainar shinkafa, ga kyandir ana shirin kunnawa. Baffansu Du-sik ya bi tayoyin yana zuba wa kowace giyar shinkafa don neman tsari.

Gye-sun ta ƙirga. Taya huɗu, jiƙa biyar. Ta biyar ɗin tana can ciki, daidai ƙasan tanki.

"Baffa, a dakata da kyandir ɗin nan. Motar na yoyo."

"Giya ce ta gangara," in ji Du-sik, ko waiwayowa bai yi ba.

"Giyar ce ta yi ƙafa ta taka har can?"

"Yaya, don girman Allah," Pan-su ya ce ƙasa-ƙasa, "kar ki kunyata ni gaban mutane."

Kunya! Wanda gobe zai hau dutsen Jiri da fetur na ɗiga kusa da salansa, shi ke maganar kunya. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta dire farantin, ta fizge ashana daga hannun Baffa, ta kutsa ƙarƙashin motar da kayan bikinta.

"Mace a ƙarƙashin mota ana tsakiyar roƙo! Kin karya sa'ar!" in ji Baffa.

Ta goge gindin tankin da gefen siket ɗinta, ta ciro alli daga aljihu, ta goga a kan layin walda, ta jira. Farin allin ya yi duhu inda fetur ke tsatsowa, tsawon ɗan yatsa. Da ta fito, ta kai hannunta daf da hancin Baffa.

"Shinshina. Wace irin shinkafa ce wannan?"

Du-sik ya gyara murya, ya ɗaga hannu sama.

"Kun gani? Tun ba a gama roƙo ba, kakanni sun nuna mana ɓarakar."

Sai kowa ya sake rusuna wa motar, har da Pan-su. Babu wanda ya dubi Gye-sun. Ta zagaya, ta zare makullin, ta zura a aljihu.

"To, kakannin su zo su liƙe ta. Kafin nan ƙanina ba zai tuƙa ta ba."