Jarrabawar Kunne

Shekara goma sha tara Malama tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma kullum abin da take faɗa wa ɗalibanta shi ne kada su yarda da magana sai sun gwada. Sai ga shi a cikin gidanta duk ranar Asabar ana wata magana da babu wanda ya taɓa gwadawa.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali, ba a jin bakinsa sai an taɓo fayafayan garmaho. Yana da su sun fi ɗari huɗu, a jere cikin wata doguwar kanta da ya ƙera da hannunsa, ta cinye bango guda na falo. Duk Asabar da yamma ƙaninsa, wanda har yau ake kira Auta duk da furfurar gemunsa, yakan rufe kantin maganinsa ya zo. Abokinsu Mai Agogo shi ma ya iso da tabarau a goshi. Sai a zaro faifai, a goge, a ɗora masa allura, su ukun su lumshe ido suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru a kan katanga.

Wata Asabar kafintan ya ce, "Kun ji ɗumin muryar nan? Waƙar cikin waya ai hoton wuta ce. Ga ja, babu zafi."

Malama tana gefe a kan teburin cin abinci tana duba takardun ɗalibai. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Maigida, ɗumin nan da kuke ta faɗa, da me kuka auna shi? In kawo muku ma'aunin zafi daga makaranta?"

Auta ya ce, "Matar yaya, wannan ba aikin alli ba ne. Kunne ake so."

"Kunnen naka da sai an kira ka sau uku kake waiwayowa?"

Aka yi dariya, amma ita ba wasa kawai take yi ba. Ta daɗe tana harin bangon nan, domin littattafanta suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado. Ta ajiye jan biro ta kawo shawara. Za ta rufe musu ido, ta sa waƙa ɗaya sau goma ta lasifika ɗaya, wani lokaci daga faifai, wani lokaci daga waya. In sun gane, ta ja bakinta ta yi shiru har abada. In sun kasa, kantar fayafayan ta koma ɗakin ajiya.

Kafintan ya ce, "Har abada fa kika ce, Malama. Ga shaidu biyu."

Asabar ta zagayo, ta ɗaure musu fuska da tsofaffin ɗankwalayenta. Sau goma ta sa, sau goma suka faɗi daidai. Auta ya miƙe yana taka rawa da ɗankwali a wuya. Malama ta yi tsaye tana kallon garmahon, can sai ta gano inda gizo ke saƙar.

"Tsaya, Auta, kada ka karya ƙugu. Tun kafin kiɗa ya fara kuke amsawa. Ba waƙar kuka gane ba, ƙas-ƙas ɗin allura kuka ji."

Mai Agogo mutum ne da ba ya son rufa-rufa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ni dai shi na ji."

Sauran biyun suka harare shi, amma magana ta riga ta fita. Aka sa zagaye na biyu bayan mako biyu.

Dabarar da ta yi ita ce ta naɗi faifan da kansa a kwamfuta, da ƙas-ƙas ɗinsa da komai, sannan ta tura a waya. Ta aro igiyar haɗi daga wani abokin aikinta. An yi hutun tsakiyar zango, saboda haka ranar Talata da hantsi, bayan mijin ya tafi shago, ta durƙusa gaban kantar da ba ta taɓa buɗewa ba.

Aikin ya fi yadda ta zata. Faifan farko ta kama shi da yatsu biyar, ta bar masa shaida, sai da ta goge. Da ta saki allura, sai allurar ta zame ta yi wata muguwar ƙara. A karo na uku ta dace. Ta tashi za ta leƙa kicin, takunta ya girgiza teburin garmahon, allura ta yi tsalle, aiki ya ɓaci. Dole ta dawo da shi farko, ta zauna a kujera, ta naɗe hannu.

Minti ashirin da biyu fuska ɗaya ta faifan take ɗauka. Malama ta rasa yaushe rabon da ta zauna minti ashirin da biyu ba ta gyara komai, ba ta yanka komai, ba ta amsa kowa. Da farko tana ta kallon agogo. Daga baya ta manta da shi. Wata mace ce ke waƙa, da jita da ganga a bayanta. Waƙar ta sha jin ta daga nesa tsawon shekaru, amma yau ta ji matar ta ja numfashi kafin baiti na ƙarshe, ta ji mai gangar ya ɗan yi jinkiri yana jiran ta. Tsigar jikinta ta tashi.

Don ta tabbatar, da yamma ta kunna wanda ta naɗa a waya tana wanke-wanke. Waƙa ta ƙare ba ta ji numfashin ba. Ta tsane hannu, ta zauna, ta maimaita. Yana nan daram. Ashe ba wayar ce ta ɓoye shi ba.

Ranar Laraba babu sauran abin da za ta naɗa, amma ta sake buɗe kantar. A nan ta lura mijinta yana rubutu da fensir a bayan kwalin kowane faifai. Wani an rubuta, "Ranar da muka tare a gidan nan." Wani, "Faifan Baba." A bayan wani shuɗin kwali kuwa ta karanta, "Na ce mata gyaran babur na yi." Ashe faifan ya saya da kuɗin. Ta yi dariya ita kaɗai har da hawaye, ta ɗora shi ta ji. Ya yi daɗi kuwa.

Ranar jarrabawa ta biyu suka zo da ƙarfinsu. Ta ɗaure musu ido, ta fara. A karo na huɗu Auta ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ko a mafarki na san shi. Ku ji ɗumi. Faifai ne."

Waya ce. Malama ta danne dariya ta rubuta.

Da aka kwance ɗankwalaye ta karanta sakamako da muryar aji. Mai Agogo shida cikin goma. Maigida biyar. Auta uku.

Ta ce, "Auta, da tsabar kwabo ka jefa sama da ka fi haka."

Mai Agogo ya yi ta dariya har tabaransa suka faɗo kan hanci. Kafintan ma ya yi murmushi, amma nasa bai kai ciki ba. Shi mutum ne mai cika alkawari. Ya tashi ya ɗauko babban kwali, ya fara zaro fayafayai a hankali yana jerawa.

Malama ta ce, "Maigida, ina za ka da su?"

"Kin ci, Malama. Magana ɗaya ce."

"Na ci, amma mayar da su. Kunnenku bai fi na kowa ba, wannan na tabbatar. Sai dai abin nan yana zaunar da mutum. Ka wanke hannu, ka goge, ka ɗora, sannan ba ka da ikon motsi sai ya gama. Wanda ya zauna kuwa dole ya ji. Ni kwana uku ina ji."

Ya tsaya da faifai a hannu. "Ke kika taɓa mini garmaho?"

"Har da shuɗin nan na gyaran babur."

Auta ya kife a kujera yana dukan cinya. Kafintan ya ce babur ɗin ma ai daga baya an gyara shi.

Sharaɗi biyu ta kafa. Na farko ya ƙera mata wata kanta a saman tasa, ta littattafai. Nan take ya ciro tef daga aljihu ya auna bangon, ya ce katako mai kyau zai sa, ba ragowar shago ba. Na biyu, daga yau akwai kujerarta a zaman Asabar, kuma wanda ya zo na ƙarshe a jarrabawa shi ke haɗa shayi.

Auta ya tafi kicin yana ƙunƙuni, yana tambayar inda ake ajiye sukari. Mai Agogo ya matsa ya ba Malama wuri. Ta zaɓi faifai da kanta, ta riƙe shi ta gefe-gefe, ta saukar da allura daidai, ba ta zame ba. Mijin ya matso zai faɗa mata shekarar da aka buga shi, ta ɗora yatsa a leɓe. Ya zauna kusa da ita, suka ji fuskar nan har ƙarshe.