Ranar da Aka Saki Mai Zobe

Dogo yana cikin gyara wa wani direba ƙeya labarin ya faɗo a talabijin ɗin shagon aski. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa Mai Zobe, mawaƙin nan da aka ɗaure shekarun baya bisa laifin yi wa mata uku fyaɗe. Ba a ce bai aikata ba. Cewa aka yi alƙalin farko ya karɓi wata shaida da bai kamata ya karɓa ba, saboda haka a sallame shi, in masu gabatar da ƙara suna so su sake shari'ar daga tushe. Amma wa ya tsaya jin wannan dogon bayani? Kafin mai karanta labarai ta kai aya, titi ya kaure da hon.

Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da su ya jawo lasifika ya kafa a bakin ƙofa, ya saki tsohuwar waƙar mutumin har gilashin shago yana rawa. Samari suka dinga wucewa a kan babura suna kaɗa riguna. Matar da ke sayar da lemo a gindin turken lantarki ta ja tsaki, ta juya wa titin baya, ta ci gaba da ɓare lemonta.

"Allah dai ya san gaskiya," in ji direban, yana duba ƙeyarsa a ƙaramin madubi.

Dogo ya kakkaɓe masa wuya bai ce uffan ba. Ba wanda ya yi mamaki, don dokar shagon ke nan. Baba, mai shagon, ya kafa ta tun kafin a haifi rabin masu zuwa: wanda ke kan kujera shi ke da baki, ya faɗi abin da ya ga dama a kan siyasa ko ƙwallo ko matarsa, mai aski ba ya tanka masa. Kuma kan da ka fara kai za ka gama shi, ba a miƙa wa wani rabin kai. Baba ya daina riƙe injin aski tun da hannunsa ya soma karkarwa, yanzu aikinsa zama a bakin ƙofa da tsare waɗannan dokoki biyu, kuma yana tsare su fiye da yadda yake tsare maganin hawan jininsa.

Sai dai shirun Dogo na yau ba na doka ba ne. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamaren bayan kasuwa, ita ce ta biyu a cikin matan nan uku. Tana ɗaliba tana aikin share ɗakuna a wani otal abin ya same ta. Ta faɗa masa tun kafin aurensu, ba ta ɓoye masa komai ba. A bayan labule ta ba da shaida, jaridu ba su taɓa samun sunanta ba. Ɗaya daga cikin matan da sunanta ya fita, masoyan mawaƙin suka yi ta jifan gidansu har ta bar unguwar ba shiri. Shi ya sa da safe, Malama tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, ta ce masa, "Ko me aka yanke yau, ka kama bakinka. Ina da 'yan aji, ina da 'ya'ya. Ka yi mini alkawari." Ya yi mata.

Ya leƙa wayarsa. Ba ta kira ba, shi kuma ba ya iya kiranta a gaban mutane.

Wajen azahar benci ya cika, gardama ta yi zafi. Wani tela ya ce murya irin wannan ba a kulle ta a kurkuku, hassada ce kawai. Wani ma'aikacin asibiti ya ce shi ya ga irin waɗannan matan da idonsa, ba mai ƙirƙiro wa kanta wannan abin kunya. Aka yi masa caa, ya naɗe jaridarsa ya yi gum. Ana cikin haka Dillali ya shigo, bakinsa har kunne, yana kaɗa makullan mota. Dillalin gidaje ne, ba gidan haya a unguwar da bai san mai shi da mai zama cikinsa ba. Shi ya samo wa su Dogo ɗakunan da suke ciki. Yana da suma da yake ji da ita kamar ɗan fari, duk wata sai an rina masa ita baƙi wuluk, ya kuma rantse halitta ce.

"Dogo, rage mini gefe kawai, kada ka taɓa sama," ya ce yana faɗawa kan kujera. "Yau da yamma za mu je tarbar gwanina."

Dogo ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya kunna inji.

"Na faɗa muku tun farko, sharri ne," Dillali ya ci gaba, yana kallon benci ta madubi. "To yanzu saura matan. Yaranmu sun ce sai sun tono sunayen sauran biyun, a baza hotunansu kowa ya gani. Musamman ta biyun nan, mai kukan ƙarya a bayan labule. An ce ma ta yi aure. Ni mijin nake tausayi, ko ya san abin da ya kwaso?"

Dogo bai san lokacin da abin ya faru ba. Ya dai ji injin ya yi nauyi, ya duba, sai ga hanya fetal tun daga goshin Dillali har tsakiyar kai, farar fata tana ƙyalli a tsakanin baƙar suma. Tun da ya fara aski bai taɓa ɓata kan mutum ba.

Tela ya toshe baki da hula.

Dillali ya shafa wurin, ya sake shafawa, sannan ya juyo da kujerar gaba ɗaya. Abin tsoron shi ne bai yi ihu ba. Ƙanƙance ido ya yi, irin kallon da yake wa ɗan haya in yana son gano ƙarya.

"Kai, tun da na zauna nake jin hannunka yana rawa a kaina. Me ya haɗa ka da maganar nan? Ko kana da wata a cikinsu ne?"

Duk idanu suka dawo kan Dogo. So yake ya ce e, matata ce, kuma ta fi ka daraja kai da gwaninka. Ya san in ya faɗa, kafin la'asar an san ƙofar gidansu. In kuma ya yi shiru, fuskarsa ta riga ta gama ba da amsa.

"Ni nake da wata a cikinsu."

Baba ne. Ya dafa ƙofa ya miƙe, ya tako a hankali yana jan ƙafarsa mai ciwo.

"'Yata ce," ya ce. "Yaron nan ya sani, shi ya sa hannunsa ya ƙi zama. Yana jin ana zagin 'yar ubangidansa, doka ta hana shi magana."

Dillali ya ce, "Haba Baba, ai na zaci duk maza Allah ya ba ka."

"Kai ka ƙirga mini su?"

"A'a, ba haka nake nufi ba. To... wacce daga ciki?"

"Sunanta kake so ka kai wa yaranku?" Baba ya miƙa wa Dogo hannu. "Ba ni injin nan."

Dogo ya yi turus. Ba a miƙa rabin kai, kowa a wurin ya san haka. Baba ya karɓe injin da kansa, ya juya kujerar ta fuskanci madubi, ya dafa kan Dillali da tafin hannu. Abin mamaki, da ƙarfen ya taɓa gashi sai karkarwar ta ragu.

"Wannan kai ba shi da magani sai ƙwal," ya ce. "Kuma yau ni ke da baki, kai ka saurara. Ka je ka tarbi gwaninka, ban hana ka ba, ni ma na taka rawa da waƙarsa a zamanina. Amma duk wanda zai nemi sunan yarinyar nan, ka ce masa ya fara biyowa ta shagona."

Baƙar suma ta yi ta zuba a kan ƙyalle, farar saiwarta a waje, asirin rini ya tonu. Ba wanda ya yi dariya a fili. Da aka gama, Dillali ya tashi da kai kamar sabon ƙwai, ya ari hular tela, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullansa.

"Baba, a yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

"Ai ba a sani," in ji Baba. "Shi ya sa ake tauna magana."

Ma'aikacin asibitin ya buɗe jaridarsa, ya gyara zama, ya sake faɗin abin da ya faɗa ɗazu. Wannan karon ba wanda ya yi masa caa.

Da mutane suka ragu, Dogo ya ɗauki tsintsiya yana tara gashi kusa da kujerar tsohon. Ya rage murya. "Baba, ai ba ka da 'ya mace."

"Da safe ba ni da ita."

"In suka zo suka farfasa shagon fa?"

"Gilashi ne, ana sayar da shi a kasuwa." Baba bai dube shi ba, titi yake kallo. "Ban tambaye ka komai ba, kada ka faɗa mini komai. Ajiye tsintsiyar nan ka tafi gida. Mai ɓata kan mutane ba ya mini aiki sai gobe."

Dogo ya jingine tsintsiyar. Ya durƙusa ya kama hannun nan mai karkarwa da hannu biyu, ya riƙe, har sai da Baba ya fizge yana faɗa, wai zai karya masa yatsu.

Ya tarar da Malama a bayan ɗaki tana shanya kayan makarantar yara. Rediyon maƙwabta yana ta rera waƙar Mai Zobe. Idanunta sun kumbura, amma ba ta fasa matse riga ba.

"Lauya ta kira," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Za su sake shari'ar in mun yarda mu koma. Na ce ta ba ni lokaci. Kai kuma me ya dawo da kai da rana tsaka? Ka yi magana, ko?"

"Ban yi ba. Hannuna ne ya so ya yi."

Ya zauna a kan bokitin da aka kife ya ba ta labari tun daga farko. Da ya zo kan hanyar da ya buɗe a kan Dillali, dariya ta kufce mata, ta farko a ranar, har tana dafa igiyar shanya. Da ya zo kan maganar Baba, dariyar ta tsaya. Ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarta.

"'Yata ya ce? A gaban mutane?"

"A gaban kowa."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Mahaifinta na jini, wancan karon, cewa ya yi ta rufa masa asiri ta janye, kuma ko ƙofar kotun bai taka ba. Dogo ya san da wannan take tunani, don haka ya bar ta ta yi kukanta. Ya karɓi rigar ya shanya mata a karkace.

Can ta goge hannu a zaninta, ta shiga ɗaki ta fito da waya. Ta nemo lambar lauya, ta tsaya da yatsa a kai.

"Gobe in ka je, ka gaishe mini da babana," ta ce. "Ka tambaye shi ko ƙafarsa za ta iya hawa matakala. Kotun a bene take."