Kujerar Gefen Direba

"Fito da shi," in ji Abah Engkos. "Wancan ma. Har carbin da ke jikin madubi."

Wiwin ta ɗago daga cikin but ɗin motar, gumi ya jiƙa mata mayafi. Ta riga ta jibge safaya taya a ƙofar gidanta, da jak, da kafet ɗin ƙasa, da kwalayen kek, da laima, da takalmin 'yarta Sekar wanda aka gaji da nema tun kafin azumi. Ba ta taɓa sanin ƙaramar motar nan tana haɗiye kaya haka ba.

"Abah, carbi kuma? Da shi nake rage zafin cunkoso."

"Allah yana ji ko babu carbi. Gobe kina karya kwana zai mare ki a ido. Duk abin da ba a ɗaure yake ba, waje. Wayarki ma, kina isa filin ki jefa ta a jaka ki ajiye gefe. Ban yarda ta faɗa ƙarƙashin birki ba."

Yana zaune ne a kan kujerar roba a ƙofar gidansa, wanda ke kallon nata. Lungun nasu a unguwar Kiaracondong ƙunci gare shi, in ka yi atishawa a wannan gida daga wancan ake yi maka addu'a. Ƙafafunsa sun kumbura sun ƙi takalmi, kuma kowace magana sai ya tsaya a tsakiyarta ya nemo numfashi. Amma bakin nan lafiyarsa ƙalau. Ƙaramar bas ya tuƙa a birnin Bandung har gemunsa ya yi fari, kuma a zamanin ƙuruciya da motar wani mai shagon taya yake shiga gasar da ake zagaye robobin hanya a fili, mota ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Kofunan da ya ci suna nan a kan kabad sun dushe, matarsa Mak Icih tana tara maɓallai a ciki.

Shi ya jefa Wiwin cikin wannan rigima. Sana'arta kek ɗin biki, don haka tuƙinta tuƙin mai tsoron kada kirim ya zame ne. Kullum ta fito sai ya kira ta da Neng, kamar a ce 'yan mata, ya ce, "Neng, ɗazu mai tura baro ya wuce ki, ya ce in gaishe ki." Ta yi ta haɗiyewa har ranar da abin ya ishe ta. Ta je ta yi rajistar irin wannan gasa a rukunin sababbin shiga, masu motar da ba a canza mata komai ba. Tun ranar barci ya ƙaurace mata, har ta taɓa zuba gishiri a madadin sukari.

Bayan tsohuwar masaƙar da aka rufe suke zuwa koyo. Wiwin ta jera bokitan fenti, Abah ya zauna can gefe ƙarƙashin laima, Mak Icih a tsaye a kansa da robar ruwa da magani. Daga nan yake ba da umarni da sanda. "Kada ki kalli bokitin da ke gabanki, wannan ya riga ya wuce. Kalli na gaba da shi. Hannu biyu a sitiyari, ba gaisuwa kika zo yi ba. Taka totur, Neng, babu kek a baya." Bai taɓa shiga motar ba sai in za a je ko a koma gida, shi ma a kujerar baya, a hankali, Mak Icih tana lura da allurar gudu.

Yanzu ga shi Asabar ta yi, gobe ce gasar. Ya sa ta ƙara wa tayoyi iska har suka yi tauri, ta shafa alli a gefensu don a ga inda suke kwanciya a kwana. Ta duba baƙin mai, ta girgiza batir ta ji ba ya motsi, ta taka birki ya saurara da kunne. Ta zagaya motar, ta sake zagayawa, ta rasa abin da za ta taɓa.

"Zauna mana, kina sa ni jiri," ya ce. Ya waiwaya ya ga Mak Icih ta shiga ciki, sannan ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin kujera da ƙafa. "Buɗe."

Hulunan kwano ne guda biyu. Ɗaya sabuwa, ta aro. Ɗaya tsohuwa, fentinta ya kankare, soson ciki ya rarake.

"Ta biyun ta wa?"

"Sabon shiga ana barinsa ya ɗauki malaminsa a zagayen farko. Doka ce, ba ni na ƙirƙiro ba."

"Abah."

"Zagaye ɗaya, Neng. Kafin kofi ya huce an gama." Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohon famfo. "Tun da aka kwantar da ni nake jin motoci suna wucewa a titi. Ina son in ji taya tana kuka a ƙarƙashina sau ɗaya. Ban roƙe ki komai ba tun da kika tare a lungun nan."

Gaskiya ne, bai taɓa roƙonta ba. Shi ya gyara mata famfon ruwa lokacin da mijinta ya tafi aiki tsibirin Batam bai dawo ba, shi yake kai Sekar makaranta kyauta a gaban bas. Sai a lokacin ta gane ba ita kaɗai ake shiryawa ba duk makonnin nan. Haushi ya kama ta, tausayi kuma ya danne haushin, ta ce masa za ta yi tunani.

Ba ta samu damar tunanin ba. Kafin magariba Mak Icih ta shigo mata har kicin da farantin soyayyar ayaba, ta ajiye, ta ƙi zama.

"Na ga jakar," ta ce. "Yana zaton don na tsufa na makance. Likita ya ce ko matakala kada ya hau, zuciyar ta zama tsumma. Ke kuma za ki ɗaure shi a kujera ki yi ta wujijjiga shi."

"Mak, ban ce zan ɗauke shi ba."

"Ba ki ce ba za ki ɗauke shi ba. Na san shi, zai iya sa kaza ta yi iyo. In ya mutu a motarki, Neng, wane ido za ki kalle ni da shi? Ni kuma wa zan kalla? Shi kaɗai ya rage mini. Rantse."

Gaba kura, baya siyaki. Wiwin ta kalli tsohuwar, ta rantse.

Bayan sallar asuba ta loda kayan da ta fitar, don sai a filin za a sake sauke su. Ta yi niyyar sulalewa kafin lungun ya tashi. Ta tayar da motar a hankali, fitila ta haska ƙofar gidan da ke gabanta, sai ga shi a kan kujerarsa. Ya sa tsohuwar rigar fata, ya taje gashi, ya cusa ƙafafun nan cikin takalmi ya bar igiyar a kwance. Hular kwanon tana kan gwiwoyinsa, ya dafe ta da hannu biyu.

Ba ta tsaya ba. Ta san in ta sauke gilashi ya ce "Neng", shi ke nan rantsuwa ta tafi. Ta kafe ido can bakin lungu, ta wuce shi da tazarar da bai fi a miƙa hannu ba. A madubi ta ga bai ɗaga hannu ba, bai kira ta ba, kansa kawai ya karkata yana bin motar. Kunya ta rufe ta har titi.

A filin ajiye motoci na wani babban kanti aka shirya gasar. Ta sauke kaya a gefe, ta jefa waya cikin jaka, ta danne da kafet. Wani mai duba motoci ya leƙa ciki, ya girgiza batir, ya ce, "Wa ya shirya miki? Ko tsinke babu." Ta ce maƙwabcinta ne. Daga nan aka ce kowa ya taka hanyar da ƙafa. Ta bi ayarin samari masu rigunan kamfanonin mai, suna tafe suna murɗa sitiyarin iska, ita kuma robobin nan masu ruwan lemo duk iri ɗaya suke a idonta. Ta taka, ta koma ta sake takawa, har wani ya tambaye ta ko ɗan kunne ta yar.

Zagayen farko ta ɓace. Tsakiyar fili ta tsinci kanta tana fuskantar inda ta fito, wani yana kaɗa mata tuta yana dariya. A na biyu ta kwashe robobi, ɗaya ya maƙale ƙarƙashin motar ta ja shi har ƙarshe. Ta zauna a inuwa ta ci shinkafa da awara ba ta ji ɗanɗano ba. Ta yi tunanin tattara kayanta ta tafi gida. Abin da ya hana ta shi ne ba ta da abin da za ta gaya masa in ta koma.

Sai bayan azahar, a zagayen ƙarshe, abin ya zauna. Ta daina kallon hancin motar, hanya ta buɗe da kanta, ta taka, tayoyi suka yi kuka, jikinta ya jingina da ƙofa. Ba ta taɓa roba ko ɗaya ba. Ta fito tana haki, tana dariya ita kaɗai cikin hular kwano. Ita ce ta kusa da ƙarshe a rukuninsu, amma ko a jikinta. Ta duba allin tayoyin, ya goge daidai inda ya ce. Duk abin ma ɗan mitsitsi ne, ta ce a ranta. Mako mai zuwa za ta lallashi Mak Icih, su je bayan masaƙa, ta yi masa zagaye ɗaya ko da rabin gudu ne.

Ta tsaya aka raba kofuna, ta taya kwashe robobi, sai wajen la'asar ta ɗaga kafet ta ciro jakar. Kiran Sekar ne jere a wayar tun safe, da na mai unguwa, da na lambobin da ba ta sani ba. Ba ta kira kowa ba. Ta watsa kayan cikin but ta kama hanya, kuma a karo na farko cunkoson Bandung ya sa ta dukan sitiyari.

Tun daga nesa ta hango tutar takarda ruwan ɗorawa a jikin falwayar bakin lungu, alamar an yi rasuwa. An kafa rumfa, an cika hanyar da kujeru, mota ba ta da wurin shiga. Maza suna zaune da laka a ƙafar wandunansu, wato har an kai Abah makwancinsa an dawo. Ta kashe motar a gefen titi. Hannunta ya ƙi sakin sitiyari, ƙafarta ta ƙi sauka.

Mak Icih ce ta fito, tana ratsa kujerun a hankali, mata suna riƙe ta tana zamewa. Ta zo ta buɗe ƙofar ɗaya ɓangaren ta shiga ta zauna a kujerar gefen direba, ta ja ƙofar ta rufe.

"Mak, wayar tana cikin jaka. Shi ya ce in..."

"Na sani. Na gaya musu su daina wahalar da kansu."

Wani mai babur ya wuce yana leƙensu.

"Ya yi fushi da ni?"

"Da kika fita na ce masa, to ka gani, ta tafi, shigo ciki. Ya ce in yi shiru yana saurare. Sai da ƙarar motarki ta ɓace ya ce, ta sa giya ta biyu da wuri, amma hannunta ya faɗa." Mak Icih ta goge hanci da bakin mayafi. "Ya ce in kawo masa kofi. Kafin ruwa ya tafasa an gama. A kan kujerar roba, Neng, a ƙofar gida. Abin da nake guje masa a mota, a zaune ya same shi."

Wiwin ta kifa goshi a sitiyari, kukan da ta riƙe tun daga filin ya ƙwace mata.

"Ni na sa ki rantse," in ji tsohuwar, muryarta ƙasa ƙasa. "Ban manta ba. Amma da ma kin ƙi jin maganata."

Can Wiwin ta ji motsi a gefenta, ta ɗago. Mak Icih ta jawo bel ta ratsa ƙirjinta da shi, tana lalube a gefen kujera ta kasa samun ramin. Wiwin ta kama hannunta ta kai shi wurin, ƙarfen ya shiga. Ba ta tayar da motar ba, Mak Icih ma ba ta ce a tayar ba. Daga cikin lungu maza sun fara hailala, su biyun suna zaune suna kallon titi ta gilashin gaba.