Harajin Siminti

Tsakanin ƙofarmu da titi akwai lambatu mai zurfin tsayin mutum. Shekara uku ke nan da gadarsa ta rufta, muka gitta katako ɗaya. Ni ina tsallakawa da salati. Matata ba ta iyawa, don keken guragu ba ya hawa katako ɗaya. Sau ɗaya maƙwabta suka ɗauke ta, ƙafar wani ta zame, ƙugunta ya goce. Ta rantse ba mai sake ɗaukarta sai ranar da ba za ta sani ba.

Wanta ɗaya ya rage mata a duniya. Ya haura tamanin, ido ya tafi, kunne na bin sa. Duk wata 'yarsa takan kawo shi a mota, ya tsaya can gefe, ita tana nan bakin ƙofa.

"Yaya, ya jikin?"

"Me kika ce, Auta?"

Ba ta neman komai, hannunsa kawai take so ta riƙe kafin ɗayansu ya tafi.

Harajin gida kuwa ba mu taɓa fashi ba. Na je ƙaramar hukuma na sami ma'aji, na tambaye shi ina kuɗin gadarmu.

"Baba, da safe kuɗin ke shiga asusunmu," in ji shi. "Kafin in gama shan shayi jiha ta zuƙe su ta waya. Mu rariya ce, ruwa kawai muke gani yana wucewa."

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma shekara arba'in ina gyaran rediyo, na san abin da ke bin waya. Murya tana bi, wuta tana bi, ashe kuɗi ma suna bi. Na kwana biyu ina kallon wani tsohon batir da ya kumbura kamar kwaɗo, sai tunani ya zo mini: siminti ba ya bin waya.

Na tara mutanen layinmu na faɗa musu mu biya harajinmu da siminti. Tela ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tsohon nan ya sake yin mafarkin rana."

Birkila bai yi dariya ba. Ya ce buhu talatin za su yi gada, shi kuma aikin kyauta ne.

Ranar biya muka tura kura uku zuwa harabar hukuma. Ma'aji ya fito ya dafa kai.

"Baba, ka kashe ni. Wane rasit zan rubuta wa siminti?"

"Rubuta abin da idonka ya gani, ɗana."

Ya rubuta, Allah ya saka masa. Aka shigar da buhunan sito, ya ce mu dawo jibi mu ɗauka a fara aiki. Na koma gida na ce wa matata ta sa a wanke mayafinta mai kyau.

Da muka koma jibin, sai mai tsaron sito ya tare ƙofa. Simintin ya zama kayan gwamnati, ba ya fita sai da takarda. Takardar kuma, tunda aikin gini ne, sai jiha ta sa hannu. Jiha ta amsa bayan wata huɗu: ba ta san wani haraji mai ƙura ba, a sayar a turo mata kuɗin. Ma'aji ya ƙi sayarwa, suka ƙi sa hannu. Ana cikin haka damina ta sauka, kwanon sito kuwa yana yoyo, don kuɗin gyaransa su ma sun bi waya.

Da rani aka fito da su aka jibge bayan katanga. Kowane buhu ya zama dutse, amma bai bar siffarsa ba. Na tsuguna ina shafa su. Kamar matasan kai talatin, har da lotsawar da na sama ya yi wa na ƙasa, kamar wani ya kwana a kai ya tashi yanzu. Ban taɓa ganin abu mai taushi a ido da tauri a hannu haka ba.

Tela ya daina gaishe ni. Birkila ne ya taya ni muka ɗauko biyu. Ɗaya muka ajiye can gefen titi, ɗaya bakin ƙofarmu.

Ƙarshen wata aka kawo Yaya, 'yarsa ta zaunar da shi a kan nasa. Ya lalube shi da tafin hannu.

"Auta, gadar ce wannan?"

"Ita ce, Yaya."

"To, miƙo hannun."

Matata ta ɗora hannunta a kan dutsen da ke gabanta. Daidai lokacin mai raba takardun haraji ya hau katakon, ya tsallako ba ko tangaɗi, ya miƙa mini ta bana. A ƙasanta an ƙara layi da jan biro: kuɗi kawai ake karɓa.